Hancin Yaya da Man 'Yar-Gata

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Yayana kuwa ya riga ni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne na fari, ni ce auta, na tsakaninmu duk sun daɗe da tafiya. Ranar Talata aka kai shi bayan la'asar. Yau kwana tara.

Kwana ukun da aka yi ana zaman makoki a gidansa na Hotoro, a ɗakin da ke jikin zaure aka ajiye ni, saboda haka duk abin da maza ke faɗa a kan tabarmi yana shigo mini ta taga. Mutane sun zo. Tsofaffin direbobin Bompai, makanikan Sharada masu baƙin farce, 'yan Panshekara da suka tashi daga aiki ko gida ba su biya ba. Kowa ya yi addu'a ya shafa, sai ya ɗauko zance ɗaya, hancin Malam. Wannan ya ce Malam ya taɓa sansana mai a yatsa ya gaya masa motarsa ba za ta kai Wudil ba, kuma ba ta kai ba. Wancan ya ce ai ko wucewa mota ta yi, Malam zai faɗi abin da ta sha. Wani ya ƙara gishiri har aka fara dariya ƙasa-ƙasa, sai da liman ya yi gyaran murya.

Matarsa tana gefena tana kuka. Ni ban yi ba. Na ji wata tana raɗa wa wata cewa tsohuwar nan ba ta da tausayi. Su yi ta faɗa. Abin da ya riƙe mini hawaye dabam ne. Mutumin da suke yabon hancinsa ya shekara goma sha uku bai ji ƙamshi ko warin komai ba.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yarsa ta fari, malamar firamare, ita na zaunar da takarda, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini ko da ta ji abin da ba ta so. Ba rage masa daraja zan yi ba. Abin da ya fi hanci nake so a tuna shi da shi.

Yaya shi ne shugaban makanikai a garejin wani kamfanin kwanuka a Bompai. Dogo ne, marar jiki, ba ya hira a bakin aiki. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya karɓar sifana daga hannun mutum, sai dai a ajiye ya ɗauka ya goge. Idan aka tambaye shi abin da ke damun mota, amsarsa ta farko kullum ita ce bai sani ba tukuna. Direbobi sun tsani wannan amsa. Kuma yana da magana ɗaya da duk wanda ya zauna ƙarƙashinsa ya haddace: kafin ka zuba, ka san abin da ke ciki.

Da mijina ya rasu a ƙauye, shi ya je ya ɗauko ni da ɗana guda. Bai yi mini dogon lallashi ba. Ya saya mini turmi da kasko da buhun gyaɗa, ya roƙa mini wuri a bakin get ɗin kamfani, ya ce ga shi nan, ki tsaya da ƙafarki. Nan na yi shekaru ina matsar man gyaɗa ina suyar ƙuli, ina sayar wa ma'aikata idan jiniya ta yi kuka. Ni kuma Allah Ya ba ni hanci. Ina daga zaune zan gaya miki gyaɗar bara ce ko ta bana, an sirka mai ko ba a sirka ba. Ban taɓa sirka nawa ba, shi ya sa ba na ragi.

Wata shekara aka ari Yaya zuwa Challawa, ya duba motar wani kamfanin fata. Yana ƙarƙashinta wani duro na maganin jima ya fashe kusa da shi, ya shaƙa. Ya yi sati biyu a kwance, hanci na jini. Ya warke ya koma aiki, kowa ya ce an auna arziki.

Ni na fara ganewa. Wata ranar Lahadi ya zo gidana, yana zaune daf da murhu, na shiga ɗaki ɗauko faifai, ƙuli ya kama a kasko. Har maƙwabta sun ji ƙaurin. Shi yana nan zaune yana yanke farce. Na sauke kaskon, na ɗebo wani tsohon mai da na ware don fitila, na miƙa masa na ce ya ji wannan sabon. Ya kai hanci ya ce ma sha Allah. Na ce Yaya, tun yaushe? Ya ce tun Challawa.

Ku gane, a wancan lokacin mai ba a gwangwaninsa yake zama ba. A duro yake zuwa, a juye a galan, a juye a tsohon gwangwanin madara. Takarda ba ta bin sa. Makanike da yatsa da hanci yake gane shi. Wanda ba ya jin wari kuwa, ko ya kai wa ya kai, za a ce ya tsufa.

Daga ranar ya fara zuwa mini da kwalabe, ƙananan kwalaben turare da ya wanke da kananzir ya shanya. Ya koya mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wannan baƙin man inji ne. Wannan man giyar mota ne lamba casa'in, yana da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan na manyan motoci ne, kauri kamar zuma. Ni kuma na gaya masa wanda ya ƙone, wanda ruwa ya shiga, wanda aka gauraya. Yakan tsaya a wajen tallana kamar mai sayen ƙuli, ya ajiye kwalba a bayan faifai, in kai hanci in faɗi kalma biyu, ya wuce. Shekara bakwai muna haka. Matarsa ta san ba ya jin ƙamshin girki, ta rufa masa asiri, amma ko ita ba ta san zancen kwalabe ba.

To, sai 'Yar-gata.

Mai kamfanin wani tsohon Kwara ne, Balarabe farar fata, a Kano aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta ɗan Fagge. Yana da wata tsohuwar mota ja, ƙofa biyu, kujera biyu, rufin tamfol, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Tun yana saurayi ya saye ta, ta girmi ɗana. Ma'aikata suka sa mata 'Yar-gata, don a inuwa take kwana a lulluɓe, su kuwa kekunansu a rana. Ba ya fita da ita sai doguwar tafiya, kuma idan ya fita gudu yake yi kamar ana bin sa.

A tsakanin tayoyinta na baya akwai wata ƙwarya ta ƙarfe, makanikai suna ce mata dif, ita ke raba wa tayoyin ƙarfi. Kowace mota tana da ita, kuma kusan kowace casa'in take sha. Ban da 'Yar-gata. Yaya ya ce haƙoran cikin tata na tagulla ne, casa'in kuwa cin tagulla yake yi. Nata man dabam ne, a gwangwani yake zuwa daga waje. Ranar da ya fara kawo mini shi na yi dariya, na ce wannan ai zurma ce, irin wadda ke fitowa a bayan danga muna matse 'ya'yanta a ƙauye. Ya ce haka Kwaran ma ya faɗa. Ya ce kuma ba ta haɗa hanya da sauran mai, idan suka gauraya sai su tsinke su dunƙule, haƙora su bushe, su yi zafi, wata rana ana cikin gudu tayoyin baya su cije.

Ɗana a lokacin magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku. Ya yi makarantar koyon sana'a, yana karanta littafin mota, Yaya ne ya shigar da shi garejin. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutum ba, ban taɓa shiga faɗansa ba. Yana ƙarami ko dukansa ake yi a gabana sai in kau da kai. Haka aka koya mana, haka na yi. Mutane suna cewa ban damu da shi ba. Na bar su.

A shekara ta bakwai ɗin kaya suka daina shigowa. Kamfanoni suna rage mutane, kowane ƙarshen wata a manna takarda a bakin get. Na ga ƙarti suna laluben sunansu da yatsa, su juya ko kekensu ba su iya hawa ba. Masu sayen ƙulina suka ragu a idona. A gareji an ce mutum biyu za a cire, kuma manaja neman dalili kawai yake yi. Man 'Yar-gata ma ya ƙare, sai ɗan abin da ya kwanta a gindin gwangwani.

Aka yi rasuwa a ƙauye, Yaya ya tafi kwana huɗu. A bayansa Kwaran ya ce a duba masa motar, zai je Jos ranar Asabar. Ɗana ya duba. Da yamma yana cin tuwo a tsakar gida, na ji yana ba matarsa labari da jin daɗi, wai ya tarar man dif ya yi ƙasa, ya yi mata ciko daga duron casa'in, don haka littafi ya ce. Wai Kawu yana wahalar da kansa da tsohon yayi. Ina tsince gyaɗa, hannuna ya tsaya. Na ce a raina wataƙila kaɗan ya zuba.

Ranar Laraba Yaya ya dawo aiki. Da la'asar sai ga shi a gidana, ba a bakin get ba. Ya zauna a kan turmi, ya fito da kwalabe biyu ya jera a gabana. Ya ce ya zaga da motar cikin kamfani, ya ji wani ɗan gurnani a baya idan ta sha kwana. Ya tambayi 'yan gareji ko an taɓa dif, kowa ya ce bai sani ba, ɗana kuma an aike shi Sharada ɗauko kaya. Kwalba ta farko daga gindin gwangwani take, ta biyu daga cikin motar.

Na ɗauki ta farko. Zurma ce tsantsa. Na ɗauki ta biyu. Tun kafin ta iso hancina na ji ƙwan nan a ƙarƙashin zurmar, ba kaɗan ba.

Na riƙe kwalbar. Jikokina suna wasa a bakin rijiya, ƙaramar ba ta da ko takalmi. Na tuna takardar bakin get. Na san Yaya. Idan na faɗa, gobe da safe zai tsaya gaban Kwaran ya faɗa, da sunan wanda ya zuba, ko da ɗan cikinsa ne.

Na ce, "Ɗaya ne."

Ya ce, "Auta, sake ji."

Na sake kai wa hanci, na daɗe, don ya ga na yi da gaske. Na ce, "Na ce maka ɗaya ne."

Ya ce alhamdu lillahi, ashe boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya fara gajiya, wannan kuwa zai kai Jos ya dawo. Ya tashi ya kaɗe riga. Kullum yakan mayar da kwalabensa aljihu. Ran nan ya ɗora su a kan katangar madafi, ya ce in ajiye masa, ya fita.

Ranar Alhamis na je bakin get kamar kullum. Wajen hantsi aka buɗe, 'Yar-gata ta fito, Yaya a ciki, ya bi titi da ita ya dawo. Da ta wuce ta gabana zafin bayanta ya bugo ni, ƙwai da ƙauri. Duk bakin get ɗin ba wanda ya ji sai ni. Wani direba ma cewa ya yi, tunda Malam ya sansana ya ce lafiya, ai magana ta ƙare. Na ba mutum biyu canjin da ba nasu ba a ranar, ni da ban taɓa yi ba.

Da yamma na kira ɗana bayan ɗaki, abin da ban saba ba. Na tambaye shi ko Kawunsa ya san da cikon. Ya ce bai tambaye shi ba, shi kuma da ya ji zancen gurnani sai ya ja bakinsa. Ya ce Inna, saura kwana tara a manna takarda. Na ce na sani. Na ce ba zai iya juye shi a ɓoye ba? Ya ce mukullin rumfar motar yana hannun Kawu, kuma ko ya juye me zai zuba, na gwangwani ya ƙare. Muka tsaya muna kallon juna. Shi yana jira in ce ya faɗa, ni ina jira ya ce zai faɗa. Aka kira magariba, kowa ya kama gabansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya tsaya a wajen tallana. Ya sayi ƙuli, abin da haƙoransa sun daina iyawa. Yana ɗaure shi a leda ya ce ya roƙi Kwaran ya bar masa tuƙin gobe, don yana so ya saurari gurnanin nan a kan hawa da gangaren hanyar Jos. Kwaran ya yarda, da sharaɗin ba zai yi masa tafiyar hawainiya ba. Ya ce, "Tunda kin ce ɗaya ne, hankalina a kwance yake." Ya wuce.

Har yau ban sani ba ko gwada ni yake yi. Na tambayi kaina sau ba adadi. Abin da na sani, mutum ne da idan ya ba ka amana ba ya riƙe rabi a hannunsa.

Asabar ina idar da sallar asuba na ɗauki kwalba ta biyu daga kan katanga, na ƙulle a bakin zane. Ban ɗauki talla ba. Ɗana ya riga ya fita, an ce ya zo ya wanke motar. Daga unguwarmu ta Hotoro zuwa Bompai a ƙasa na tafi, ina tafe ina cewa kila sun tashi, kila ba su tashi ba. Da na shawo kwanar kamfanin na tarar get a buɗe, motar ta sako hanci waje, inji yana aiki. Yaya a sitiyari, Kwaran a gefensa da hular rana, ɗana yana riƙe da tsumma, maigadi yana riƙe da ƙofa.

Na tsaya a gabanta.

Kwaran ya leƙo ya ce Hajiya, yau ƙulin da sassafe? Ban kula shi ba. Yaya ya kashe inji ya fito. Na kwance bakin zane na miƙa masa kwalbar.

Na ce, "Ba ɗaya ba ne. Akwai casa'in a ciki, da yawa."

Ya karɓa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaushe kika ji?"

Na ce, "Tun Laraba."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya juya ya gaya wa Kwaran cewa motar ba za ta je ko'ina ba yau, an gauraya mata mai. Tsohon ya fito yana dafa ƙofa, fuskarsa ta yi ja. Ya ce shekaranjiya wa ya ce masa lafiya lau? Ya ce shekara ashirin yana gaya wa abokansa yana da makaniken da hancinsa ya fi littafi, ina hancin ya tafi, har mai ƙuli ce za ta zo ta tare masa hanya?

Yaya yana iya cewa mura yake yi. Da an yarda. Sai ya ce, "Maigida, shekara bakwai ba ni da hanci. Duk man da na ce maka mai kyau ne, ita ta ji. Ƙanwata ce."

Kwaran ya dube ni, ya dubi shi. Sannan ya tambayi abin da nake tsoro, ya ce to wa ya zuba?

Na zuba wa Yaya ido. Ban taɓa roƙonsa komai a kan ɗan nan ba, ran nan idona ya roƙa. Yana iya cewa shi ne, an san ba za a kore shi ba. Bai ce ba. Bai kuma nuna kowa ba. Ya juya kawai ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya tsaya yana jira, kamar yadda yake jira a ajiye masa sifana. Maigadi ya sunkuyar da kai. Ina jin tsumman yana ɗigar da ruwa a kan siminti.

Ɗana ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Kawu ba ya nan. Ban tambaya ba."

Aka tura motar kan ramin gyara. Kwaran ya ce in tsaya in gani, tunda ni ce hancin. Yaya ya kwance noti, man ya fito guda-guda kamar tsinkakken nono. Ya tara a faranti ya fito da shi rana, ya karkata. Wani gari rawaya yana ƙyalli a ciki. Ya ce tagullar ke nan, kwana kaɗan a cikin gari ta fara haka, ina ga hawan Jos da gudu. Kwaran ya cire hularsa ya zauna a kan taya. Sai ya ce wa maigadi abin da ya ji game da hancin Malam ya tsaya a bakin get ɗin nan. Ya tsaya kuwa. Dukansu biyu sun rasu da shi a ciki.

Ƙarshen wata sunan ɗana ya fito a takarda.

Na yi fushi da Yaya, ba zan ɓoye ba. Na same shi a gida na ce kalma ɗaya ce da ta rufa mana asiri, ya hana. Ya ce da ya faɗi kalmar, da yaron ya ci gaba da zuba abin da bai sani ba har ya kashe wani. Na ce ni ba wa'azi na zo ji ba. Ya ce shi ma bai tambaye ni dalilin abin da na yi ranar Laraba ba, kuma ba zai tambaya ba. Na tashi na bar masa ruwan da aka kawo mini ban sha ba.

Washegari ya zo ya ɗauki ɗana a bayan kekensa. Wata bakwai duk ranar da ba ya aiki suna bin kamfanonin Sharada da Challawa ƙofa-ƙofa. Kuma duk inda suka shiga sai ya fara faɗin abin da yaron ya yi, sannan ya ce da bakinsa ya amsa laifinsa a gaban mai kamfani, irin wannan ba ya maimaitawa. Ɗana ya ce har ya fara roƙonsa ya daina ba da labarin. A wani kamfanin saƙa a Sharada labarin ne ya sa aka ɗauke shi. Yana can har yau, shi ne babba a garejin. A watannin nan bakwai kuwa ba a taɓa rasa hatsi a gidana ba, kuma ban taɓa ganin wanda yake ajiye shi a zaure ba.

'Yar-gata ta yi wata biyu a kan rami. Ya wanke cikinta da kananzir har sau uku. Na aika masa cewa zan samo zurma in matse masa da hannuna, mai kyau, tatacce. Ya aiko a ce mini ya gode, amma daga yanzu ba ya zuba sai abin da ya fasa da hannunsa. A ƙarshe wani direba ɗan Damagaram ya kawo masa gwangwani biyu a rufe.

Bai sake kawo mini kwalba ba. Yana gaishe ni, yana zuwa duba ni, naman Sallah ba ya wuce ni. Amma yakan wuce ta gaban tallana aljihunsa ba komai. Duk motar da ta zo hannunsa sai ya juye man gaba ɗaya ya zuba wanda ya tabbatar, komai kyansa a ido. Direbobi suka ce Malam ya ƙara tsanani, hancinsa ya kai inda ba ya yarda da man kowa. Shekara shida na yi ina kallon aljihun nan.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Ana saura kwana biyu ya rasu, ya sa aka kira ni da hantsi, ya ce matarsa ta ba mu wuri. Ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Ya lalubi ƙarƙashin matashi ya fito da 'yar kwalba. Ya ce almiski ne, ya saya a kasuwa tun bara ya ɓoye, shi yake so a sa masa a likkafani. Mai turaren ya rantse masa na asali ne. Ya ce shi dai ba ya ji.

Ya ce, "Auta, ji mini."

Na buɗe na kai hanci. Yana kallona da ɗoki kamar mai jiran albishir. Mutum ne a bakin tafiya, ya shekara yana ajiyar abin nan. Kalma ɗaya mai daɗi ba za ta kashe kowa ba a wannan karon.

Na ce, "An cuce ka, Yaya. An sirka shi da man gyaɗa, kuma ba ma na bana ba."

Ya rufe ido. Na ɗauka ransa ne ya ɓaci. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi, dariya yake yi, har tari ya sarƙe shi na ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce to in nemo masa na kirki, ya bar mini.

Na shiga kasuwa da kaina, na bi rumfa tara kafin na samu. Shi aka sa masa. Masu ɗaukar makara suna fita na ji wani yana cewa Malam har turaren tafiyarsa bai yi kuskuren zaɓe ba.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba shi ƙamshin Aljanna ya ji da hancinsa. Ni kuma Ya yafe mini ranar Laraba. Kwalba ta farko, ta zurma, tana nan a kan katangar madafi inda ya ajiye ta. Bai taɓa cewa in dawo masa da ita ba.